Gidan da Malam Armaya'u Ya Toshe

A Karare aka haifi Armaya'u, a gidan manoman da ba su taɓa tambayar abin da ke sa ruwa tafasa ba, su dai in ya tafasa sai a zuba gari. Shi ne na farko a zuri'ar da ya tsaya tambaya, kuma har yau dangi ba su gama yafe masa ba. Ya yi firamare a ƙauye, sakandare a Batsari, sannan kwalejin horon malamai a Katsina, inda ya haɗu da fiziks ya rungume shi kamar ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya. Da ya gama aka tura shi koyarwa wata sakandare a Safana. Makarantar tana da ɗakin gwaje-gwaje, haka aka rubuta a bisa ƙofa da fenti mai kyau. A ciki kuwa jemagu ne da karyayyun kujeru. Don haka da butar shayi da risho ya koyar da darasin zafi shekara da shekaru, har ɗalibai suka sa masa Malam Zafi. Sunan ya biyo shi gida, surukansa ma da shi suke kiransa in ya ba da baya.

Dokoki biyu ya fi so a duk karatunsa, kuma ba a aji kaɗai yake karanta su ba, har wurin suna da zaman makoki. Ta farko ta ce ƙarfi ba ya ɓacewa, kama kawai yake sauyawa: rana ta shiga gero, gero ya shiga mutum, mutum ya ɗaga fartanya. Ta biyu ta ce duk injin duniya, komai kyansa, ba ya mayar maka da duk abin da ka zuba masa, dole wani kaso ya tsiyaye ya bi iska, shi ya sa babur ke da salansa. Dokar ta biyu tana da 'yar wutsiya, wadda ke cewa duk abin da aka rufe ruf, ba shiga ba fita, lalacewa yake yi a hankali. Wannan wutsiyar yakan koyar da ita a zango na biyu, ɗalibai su rubuta, shi kuma ya ajiye ta sai wata shekarar.

Da daji ya lalace, yana cikin mutanen Karare da suka kwaso iyali suka dawo gefen garin Batsari. Ba sai an ba da labarin yadda aka taso ba. Wanda ya ga ranar ba ya son a tuna masa, wanda bai gani ba kuma ba zai gane abin da ke sa dattijo ya tsaya da loma a hannu don ya ji babura sun wuce a jere ba. Mutane sun taso, amma gonaki ba su da ƙafa, suna can Karare inda aka bar su.

Armaya'u ya samu fili jikin gidan taubashinsa Lawal, wanda shi ne Sarkin Noman mutanen Karare. Da aka ja katanga tsakanin gidajen biyu, matan suka sa aka bar 'yar kafa a tsakiya daidai ƙirji, kamar yadda aka saba a ƙauye. Ta nan Zuwairatu matar Armaya'u da Tasalla matar Lawal ke miƙa wa juna garwashi a kasko, da kwanon tuwo, da ɗan gishiri, da labarin wace hanya ce ta kwana lafiya.

Haka aka zauna har ranar da wata ƙungiya ta gayyaci malaman kimiyya bita a Katsina kan rayuwa mai ɗorewa. A wani otal aka yi, na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki har mutane na naɗe hannu, janareta a waje yana shan mai yana aman hayaƙi, ana ta jawabi kan illar almubazzaranci da makamashi. Wani mai jawabi ya haska hoton gida a bango, an zagaye shi da kibiyoyi kowace tana cizon bayan 'yar'uwarta, ya ce wannan shi ne gidan gobe, gidan da ba ya zubar da komai kuma ba ya buƙatar kowa. Armaya'u ya dawo da jaka, da farar hula mai tambarin ƙungiya, da wani haske a ido wanda Zuwairatu ta sani kuma take tsoro.

Bayan la'asar ya zaunar da ita a tsakar gida ya zana mata da tsinke a ƙasa. Gida inji ne. Kara zai shiga cikin awaki, awaki su ba da taki, taki ya tafi gona, gona ta ba da hatsi, hatsi ya shiga tukunya, tokar murhu ma ta koma gona. Idan zagayen ya rufe, ba ruwansu da hanya, ba ruwansu da kasuwa, ba ruwansu da kowa. Matsalar gidan nan ɗaya ce, yoyo. Duk garwashin da ya fita zafi ne da itacensu ya haifa. Duk kwanon da ya tsallaka katanga hasken ranar da ya faɗo gonarsu ne ya tafi cikin wani. Zuwairatu ta tuna masa cewa kwanon yakan dawo da wani abu a ciki. Ya ce ya lura, abin da ke dawowa bai kai abin da ke fita ba, domin Tasalla hannunta a ƙulle yake wajen man miya.

Zuwairatu ta ce, "To Malam, gaisuwa fa? Ita ma ƙarfi take ci. In daina amsa sallama?"

Ya auna maganar da gaske, sannan ya ce asarar gaisuwa kaɗan ce, za a iya jure ta.

Ranar Asabar ya kwaɓa laka, ya ƙara mata siminti don aikin ya yi ƙarko, ya hau toshe kafar. Tasalla tana tsaye daga nata ɓangaren tana yi masa sannu da aiki. Duk bulon da ya ɗora sai ta ƙara wata sannun, har haɓarta ta ɓace, sai hanci, sai idanu. Sannu ta ƙarshe ta bayan katanga ya ji ta.

Da ya gama da mata sai ya juya kan gayya. Gayyar yanzu ba irin ta da ba ce. A da ganga ake bugawa, samari na gasar kai ƙarshen kuyya, 'yan mata na guɗa. Yanzu ba mai son a ji shi. Ana fita tare gari na wayewa, a taru a gonar mutum ɗaya a yi aikin baki alaikum, a juyo kafin azahar. Kuma dole mutum ɗaya ya hau itace mafi tsawo ya fuskanci yamma, wajen dajin Rugu, ba ya taɓa fartanya, aikinsa kallo.

A inuwar bedi, wato dalbejiyar da maza ke zama ƙarƙashinta bayan sallah, Armaya'u ya bayyana wa jama'a cewa gayya inji ce mai yoyo ta ko'ina. Mai gona ya tuƙa tuwo, ya dama fura, ya sayi goro, a cinye, rabin ƙarfin ya tafi a tsokana da gyaran wando. Mafi muni shi ne na bisa itace. A kimiyyance, in ji shi, ba a cewa an yi aiki sai an gusar da wani abu daga wuri zuwa wuri. Wanda ya wuni a reshe bai gusar da komai ba, saboda haka bai yi aikin komai ba, amma in an sauke tuwo da hannu biyu yake ci. Akwai mutum uku ko huɗu a wurin da suka taɓa hawa itacen. Suka dube shi da kyau kamar masu son su gane shi ko a cikin taro.

Lawal ya bare goro ya ce, "Wanga karatu naka, Malam Zafi, da gwaggo ta san nan zai kai ka, da kiwon jakai ta ba ka. To mun ji. An cire ka."

Gaskiya ita ce da farko abin ya yi kyau, kuma wannan ne ya ƙara lalata shi. Hutun makaranta ya faɗo daidai damina. Ya kai takin awaki da toka a buhu bisa babur, ya yi shuka, ya yi noman farko da maimai shi kaɗai. Yakan bari ayarin gayya ya fita, sai ya bi su a baya da 'yar tazara don kada a ce tare suke, in sun juyo shi ma ya juyo. Idon mutumin da ke bisa itace yana rufe har gonarsa, amma ido ba ya cikin abubuwan da ya zana da tsinke, don haka bai shiga lissafi ba. Ruwa ya yi albarka. Geronsa ya tashi ya fi na kowa a yammacin Karare, zangarniya kamar damtse. Duk wanda ya wuce sai ya yi masha Allah, shi kuma ya amsa kamar shi ya aiko da ruwan.

A wannan geron abincin gidan na shekara yake. Rumbu ya riga ya nuna ƙasa, albashin malami kuwa kowa ya san inda yake tsayawa a wata.

Girbi ba kamar noma ba ne. A da akan sare gero a kwantar da shi ya sha rana kwanaki, a dawo a yanke kai a ɗaure a hankali. Yanzu duk abin da ya kwana a kwance a gona ya tashi daga naka. Dole a sare, a yanke, a ɗaure, a loda a rana guda, kuma ko aljani ba ya yin wannan shi kaɗai kafin azahar. Armaya'u ya san haka, yana dai jiran ya ji ranar da za a zauna tsara layin gonaki, ya je ya yi musu bayanin wani sabon tsari da zai shigar da shi ba tare da ya janye maganarsa ba. An yi zaman a zauren Lawal, labarin ya bi gida gida ta kafofin katanga kamar yadda ya saba. Shi bai sani ba sai da ya ga akori-kura ta shigo unguwa da dammunan wani.

Ya shiga gida yana faɗa, ya tambayi Zuwairatu yadda aka yi ba ta gaya masa ba. Tana tankaɗen garin da ya rage, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta nuna masa katanga da baki. Simintin ya bushe ya yi kyau, ko tsaga babu.

Ya zagaya ta titi ya yi sallama a gidan da ke jikin nasa. Lawal ya karɓe shi da gaisuwa mai tsawo irin ta baƙon da ya zo daga nesa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen can wajensu, ya tambayi lafiyar inji. Armaya'u ya haɗiye duka ya faɗi abin da ya kawo shi. Lawal ya ce ba a hana ɗan gari gayya, amma layi ya riga ya tsaru, kuma ana shiga ne da jiki. Zai bi su gonar kowa ya yi aiki, tasa ta zo ƙarshe. Armaya'u ya ce tasa ce ta fi kusa da daji, a hankalce da ita ya kamata a fara.

"Da ita za a fara, da ka zo zaman," in ji Lawal. "Mun ma ambace ka. Aka ce kai ba ka yoyo."

Ranar farko aka ba shi magirbi. Noman da ya yi shi kaɗai a sannu yake yinsa, yana hutawa yana duba agogo. Nan kuwa layi ake ja, ba a jiran kowa. Kafin hantsi tafinsa ya yi bororo, ya kusa sare ƙafar wani dattijo, damin da ya ɗaure kuma ana ɗagawa ya zube kamar an kwance zani. Aka yi 'yar shawara a gefe, Lawal ya zo ya dafa kafaɗarsa ya nuna masa wata doguwar ɗorawa a bakin gona. Ya ce tunda ba aiki ba ne, ba zai gaji ba. Idan ya ga abin da bai gane ba kada ya yi ihu, ya jefo hularsa ƙasa kawai, akwai mai kallon gindin itacen.

Ya hau da farar hular bita a kansa. Daga sama duniya ta yi faɗi fiye da yadda yake so. Yamma duhun itatuwa ne kawai, kuma duk abin da ke cikinsa motsi yake. Tsuntsaye su tashi, sai ya tambayi kansa me ya tashe su. Iska ta kaɗa ciyawa, sai ya ga kamar kawuna. Ya ji ƙarar babur daga nesa, ya kasa gane ko daga hanyar Batsari take ko daga inda ba hanya. Ya kai hannu ga hula ya fasa, ya sake kaiwa ya fasa. In ya jefa a banza, ya watsa aikin mutane ya bar geron wani a kwance. In ya yi jinkiri kuwa, ga bayan mutane a sunkuye a ƙasa, kowanne ya san sunan matarsa da 'ya'yansa. Cinnaku suka shiga wandonsa, bai iya sakin reshe ya sosa ba. Bai gusar da komai daga wuri zuwa wuri ba, amma da aka yafuto shi ya sauko, rigarsa sai da aka matse ta saboda gumi. Aka sauke tuwo ya ci da hannu biyu. Aka ma tura masa kwanon gabansa, abin da ya fi zagi ciwo.

Daga ranar itace ya zama nasa. Gona bayan gona ana matsowa yamma, gero yana raguwa a fili, nasa yana tsaye yana ƙara fitowa fili kamar mai farar riga a kasuwar gawayi. Kullum in ya hau sai ya fara nemo shi da ido, ya tabbatar yana nan, sannan ya koma kallon daji.

Ana gobe za a shiga tasa, suna gonar Tayyib, ta kusa da ƙarshe. Rana ta ɗaga, an ci fiye da rabin aikin. Sai ya ga tsuntsaye sun tashi gaba ɗaya daga bakin daji, wannan karon bai tambayi kansa komai ba. Fararen bayan shanu suka fara fitowa daga cikin sabara, da yawa, a bayansu mutane, abin da ke rataye a kafaɗunsu kuma ba sanda ba ce. Duk yankin an girbe, kara ne kawai a kwance. Wuri ɗaya ne ke da abinci a tsaye. Yana kallo shanun suka karkata suka shiga geronsa kamar an aika musu goron gayyata.

Bakinsa ya buɗe da kansa zai yi irin tsawar da ake yi wa akuya in ta shiga gona. Ya rufe shi da tafin hannu. Ya cire hular ya sake ta.

Ba a yi gudu ba, an riga an san yadda ake yi. Aka tattara abin da aka ɗaure, aka bar sauran, aka tura babura da hannu ba a tayar ba sai da aka tsallake rafi. Shi ne na ƙarshen saukowa, ya bar fatar ƙirjinsa a jikin ɗorawa da takalmi ɗaya a gindinta. Kowa ya iso Batsari da ƙafarsa. A ƙofar gari aka tsaya ana duba fuskoki, aka sake dubawa, sannan wani ya ce alhamdu lillahi.

Sai da aka kwana biyu aka ji ƙafa ta ɗauke sannan aka koma, kuma gonarsa aka nufa, tunda layinsa ne. Gayya ta cika, ba wanda ya ƙi zuwa. Abin da suka tarar kara ne a tattake, da kashin shanu ko'ina, tuli tuli, har ba wurin sa ƙafa. Mutane suka bazu suna kalar zangarniyar da kofato ya binne. Lawal ya tsaya kusa da shi ya daɗe yana kallo, ya yi masa jaje yadda ya kamata, da addu'a. Amma taubashi taubashi ne.

"Ka ga dokarka ta farko ba ta yi ƙarya ba," in ji shi a hankali. "Bai ɓace ba. Ga shi nan duk ya koma taki, kuma a gonarka. Zagaye ya rufe."

Armaya'u ya so ya yi fushi, ya duba bai samu ƙarfin ba. Ya ce ta biyun ma ba ta yi ƙarya ba. Sauran geron Tayyib da aka bari a kwance yana nan ba a taɓa ba, domin shanu sun ƙoshi a nan. Kowane inji da inda yake fitar da hayaƙinsa. Lawal ya ce ashe bana Malam Zafi ne salansar Karare, suka yi wata 'yar dariya marar daɗi, suka sunkuya kala.

Abin da aka tsinto bai rufe ƙasan rumbu ba. A kwanakin da suka biyo baya dammuna suka riƙa shigowa ta ƙofar gida, wannan ya kawo, wancan ya aiko. Tayyib ya kawo da kansa ya ƙara da takalmin da ya tsinto. Wasu daga cikin tsofaffin masu hawa itace jaje kawai suka aiko, mai kyau, mai tsawo. Armaya'u ya fara shirya jawabin da zai nuna cewa wannan ba sadaka ba ce, wani nau'in musayar makamashi ne, amma kafin ya gama shiryawa Zuwairatu ta riga ta zuba a rumbu. Ko da hakan, duk mai ido ya san ba zai kai su wata damina ba.

Daga gidan Lawal kuwa ba abin da ya zo. Zuwairatu ta haɗu da Tasalla a wurin ɗiban ruwa ta dawo da saƙo: akwai tuwo kullum, har da na Malam, amma tuwonta bai saba bin titi ba.

Washegari da safe ya aro diga. Aikin da ya yi wa katangar mai kyau ne ƙwarai, ya ci masa hantsi guda, bororon hannunsa ya fashe. Tun kafin bulo na farko ya faɗi yake jin murya ta bayan katanga tana yi masa sannu da aiki. Idanu suka fara bayyana, sai hanci, sai haɓa.

Ba tuwo ne ya fara wucewa ba. Zuwairatu ce ta matsar da shi gefe ta miƙa kasko, Tasalla ta zubo mata garwashi. Akwai ashana a ɗaki, kwali guda, shi ya sayo da kansa a Safana. Ya buɗe baki, ya dubi kaskon, ya dubi matan biyu da suka riga suka haɗa kai a kafar suna maganar hanyar Safana da zai bi ranar Litinin, wadda aka ce jiya ba ta kwana lafiya ba. Ya jingine digar ya matso kusa don ya ji sosai.